Kunfu: Me ya sa malaman ƙasar Sin ke fara horo daga ƙafa?

A wurin ibadar Shaolin da ke lardin Henan na ƙasar Sin, wanda aka kafa a shekarar 495, akwai wani zaure da daɓensa ke da ramuka 48 marasa zurfi, a jere. An ce dugadugan masu ibadar wurin ne suka lotsa tubalin, saboda shekarun da suka kwashe suna buga ƙafa a wuri guda. Wanda ya san Kunfu ta finafinan Bruce Lee da Jet Li, naushi da tsalle yake tunawa. Amma a makarantun gargajiya, ɗalibi kan daɗe ana gyara masa tsayuwa kafin a koya masa duka.

Abin da ake farawa da shi yawanci shi ne "ma bu", wato tsayuwar doki. Ɗalibi zai buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗunsa, ya lanƙwasa gwiwoyi kamar ya hau doki, ya miƙe baya, tafin ƙafa duka a ƙasa. Ba a jimawa cinyoyi ke fara rawa. Malamai sun fi sa ido a kan gwiwa: dole ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, domin idan ta karkata ciki, nauyin da ya kamata cinya ta ɗauka sai ya koma kan gaɓa, ciwo ya biyo baya. A salon Hung Gar na kudancin ƙasar ana sauka sosai har cinya ta kusa yin daidai da ƙasa, shi kuwa Wing Chun, wanda Ip Man ya koya wa Bruce Lee a Hong Kong, tsayuwarsa matsattsiya ce, gwiwoyi da yatsu na kallon ciki.

Daga nan sai tsayuwar baka, "gong bu", inda ƙafar gaba ke lanƙwashe, ta baya a miƙe tana tunkuɗa ƙasa. Ƙarfin naushi daga wannan tunkuɗar yake tasowa, ya bi ta ƙugu ya isa hannu. Akwai kuma "xu bu", inda kusan dukkan nauyi ke kan ƙafar baya, ta gaba tana taɓa ƙasa kawai, a shirye ta yi shuri ko ta kauce wa shara. Duk mai kallon kokowa ya san abin da ake tsoro a nan: idan aka ɗauke ƙafar da ke ɗauke da nauyinka, ka faɗi.

Sai dai abokin karawa ba ya tsayawa ya jira ka. Salon Baguazhang, wanda Dong Haichuan ya yaɗa a Beijing a ƙarni na 19, ya gina horonsa ne a kan tafiya. Ɗalibi yana zagaya da'ira, yana jan ƙafa dab da ƙasa kamar mai ratsa taɓo, don ya saba kewayawa ta gefen abokin gaba maimakon ja da baya kai tsaye.

Wannan batu na ja da baya ya tayar da ƙura a shekarar 2017 a birnin Chengdu, lokacin da Xu Xiaodong, ɗan damben zamani mai haɗa salo-salo, ya kara da wani malamin Taichi mai suna Wei Lei. Da aka matsa masa, malamin ya yi ta ja da baya har ya faɗi, cikin ƙasa da rabin minti. Bidiyon ya bazu, wasu suka ce asirin Kunfu ya tonu, shi kuma Xu ya sha suka da takura. Hukuncin ya yi tsauri idan aka ɗora shi kan dukkan salo, amma tambayar tana nan: ina amfanin tsayuwa mai kyau ga wanda bai taɓa gwada ta da mai kawo masa duka da gaske ba?

Muhawarar ta daɗe. Janar Qi Jiguang na daular Ming, a littafin horon soja da ya rubuta wajajen 1560, ya kawo siffofin dambe 32, tare da bayyana cewa damben hannu ba shi ne abin dogaro a babban yaƙi ba, amma yana horar da gaɓoɓin sabon soja kafin ya riƙe makami.

A gasar Wushu ta zamani kuwa, alƙalai na rage maki idan tsayuwa ba ta sauka yadda doka ta tanada ba, ko diddige ya ɗaga daga ƙasa. An saka wasan cikin gasar Olamfik ta matasa da aka tsara yi a Dakar, babban birnin Senegal, a shekarar 2026.