FASHIN BAƘI: Shin hoton MRI kafin tiyata na ƙara wa mai sankarar mama damar warkewa?

Idan aka gano sankarar mama tun tana matakin farko, likita kan iya yanke ƙullutun kaɗai tare da ɗan naman da ke kewaye da shi, a bar wa mace mamanta. Kafin aikin, dole ne ya san girman ƙullutun da inda ya tsaya. Hoton mamogiram da na sikanin su ne aka saba dogara da su, sai daga baya manyan asibitoci suka ƙara da MRI, na'urar da ke aiki da maganaɗisu, wadda kan hango ƙananan ɗigon cutar da sauran hotuna ba su gani.

A tunani na farko, wanda ya fi gani shi zai fi yin aiki mai kyau. Sai dai bincike bai gaskata hakan ba.

A shekarar 2010, mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa sakamakon gwajin COMICE da aka gudanar a Birtaniya kan mata 1,623. An raba su gida biyu: rukuni ɗaya aka yi masu MRI kafin tiyata, ɗaya rukunin kuma aka tsaya a gwaje-gwajen da aka saba. Abin da ake son sani shi ne ko MRI zai rage yawan matan da ake mayarwa ɗakin tiyata saboda an bar ragowar cutar. A kowane rukuni, kashi 19 cikin 100 ne aka sake yi wa aiki.

A 2014 kuma, Farfesa Nehmat Houssami ta Jami'ar Sydney da abokan aikinta suka tattara bayanan mata sama da 3,000. Bayan shekara takwas, ba a samu wani bambanci mai ma'ana ba wajen dawowar cutar tsakanin waɗanda aka yi wa MRI da waɗanda ba a yi wa ba. Wani nazarin nata ya nuna cewa matan da aka yi wa MRI sun fi fuskantar a cire masu maman gaba ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tiyata ba ita kaɗai ce magani ba. Bayan an cire ƙullutun, ana yi wa maman gashi da na'ura, wato ƙone ragowar ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi, sannan a bi da magunguna. Waɗannan su ne ke kashe akasarin ƙananan ɗigon da MRI ke nunawa, ko an gan su ko ba a gan su ba. Haka kuma ba duk abin da na'urar ta haska ne ke zama sankara ba. Kowane ɗigo da ake tantama a kai na bukatar a gutsuro tsoka a gwada, abin da ke jawo jinkiri, fargaba da ƙarin kashe kuɗi.

Wannan ba ya nufin MRI ba shi da amfani. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta hana a mayar da shi na kowa da kowa, amma ta amince da shi a wasu lokuta: idan abin da likita ya ji da hannu ya saɓa wa abin da hoto ya nuna, idan naman maman ya yi tauri har mamogiram ya kasa nuna ciki sosai, ko idan sankarar ta taso daga jakunkunan da ke samar da nono, domin irinta kan yaɗu ba tare da ta dunƙule ba.

Ga Najeriya, inda mafi yawan majinyata ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu, wannan darasi na da nauyi. Akasarin mata na isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa, kuma na'urorin gashi sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan jama'a. Kuɗin da iyali suka zuba a hoton da ba lallai ba, kuɗi ne da aka rage daga na gashi da magunguna, waɗanda su ne aka tabbatar suna hana cutar dawowa.

Don haka idan an ce a yi MRI, mara lafiya na da 'yancin tambayar likita abin da sakamakon zai sauya a aikin da za a yi mata. Idan kuma gwamnati ta yi shelar sayo na'urori masu tsada, tambayar da ta dace a yi mata ita ce: mata nawa ake ganowa da wuri, kuma nawa ne daga cikinsu ke samun gashi a kan lokaci?