Ƙyamaren Zuciya da Jijiyoyin da ke Ciyar da Su

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta a Kasuwar Daji ko a Shinkafi, ya ga an tsaga zuciyar sa, zai lura da wasu fatu sirara farare a cikinta, ɗaure da zarurruka kamar tsirkiyar baka. Waɗannan su ne ƙyamaren zuciya, watau marufan da ke hana jini komawa baya. A zuciyar ɗan Adam guda huɗu ne. Biyu suna tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, biyu kuma suna bakin manyan jijiyoyin da ke fita zuwa huhu da sauran jiki. Suna buɗewa suna rufewa kamar sau 100,000 kowace rana.

Abin mamaki shi ne farinsu. Naman zuciya ja ne wur saboda yawan ƙananan jijiyoyin jini da ke ratsa shi, amma ƙyaure mai lafiya kusan ba shi da jijiya sai a gindinsa, wajen da ya manne da tsoka. Sirantarsa ce ta sa yake iya tsotsar abinci da iska daga jinin da ke wucewa ta kansa. Masana sun daɗe suna gardama a kan wannan, har Louis Gross na birnin New York ya nuna, a shekarun 1930, cewa yawan jijiyoyi a jikin ƙyaure galibi tabon cuta ne. A 2006 wasu masu bincike a Japan suka gano cewa ƙyauren yana da wani sinadari da ke hana jijiyoyi tsirowa a cikinsa, kuma sinadarin yana raguwa a ƙyauren da ya kamu.

Cutar da ta fi lalata ƙyamare a ƙasar Hausa tana farawa ne daga ciwon maƙogwaro, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Ƙwayar cutar ba ta zuwa zuciya da kanta. Garkuwar jiki ce, bayan mako 2 ko 3, take rikita fatar ƙyaure da ƙwayar cutar ta far mata. Sai ƙyauren ya kumbura, sababbin jijiyoyi su kutsa cikinsa, ya yi kauri, ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo. Wanda ya fi shan wahala shi ne na hagu mai ganye biyu. A nan ne al'ada take da abin cewa: yaron da ke ciwon wuya akan kai shi wurin wanzami a cire masa beli, alhali aska ba ta kashe ƙwayar cuta. Fenisilin ne maganinta. Wanda kuwa zazzaɓin ya riga ya taɓa, allura ce duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru. Ga mutumin ƙauye a ƙasar Zurmi, inda rashin tsaro ya sa hanya ta zama abin fargaba, cika wannan ƙa'ida ba ƙaramin aiki ba ne.

Sau da yawa ɓarnar ba ta bayyana sai yarinya ta yi aure ta ɗauki ciki. Jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, ƙyauren da ya ƙuntata ya kāsa, sai haki da kumburin ƙafa, a ɗauka laulayi ne kawai. Tantance wannan sai da hoton zuciya, abin da akan nema a manyan asibitoci irin na Gusau, Sakkwato ko Shika.

Har ila yau, rashin jijiyoyin yana da nasa haɗarin. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, alal misali ta ruɓaɓɓen haƙori, suka sauka a kan ƙyaure mai tabo, dakarun jiki ba su da hanyar isa gare su sosai. Shi ya sa likitoci suke ba da magani ta jijiya har mako 4 zuwa 6.

Zarurrukan nan kuwa suna kafe ne a kan wasu ƙullutan tsoka, biyu a ɗakin hagu. Ɗaya jijiya biyu ke ba shi jini, ɗayan jijiya guda tak. Idan jijiyar zuciya ta toshe, wannan na biyun ne ya fi saurin tsinkewa, ƙyauren ya saki nan take, huhu ya cika da ruwa.