ƘARANCIN JINI DA YAWAN ƘARFE: BAYANI A KAN ƘARAMAR TALASIMIYA DA ABINCINMU



1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen jini, alhali ga likitoci? Watau dai linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. To, ta ƙofar harshe na shigo wannan fage, kuma wata larura ta gida ce ta turo ni.

Akwai wata 'yar ƙanwata a Sanyinna, cikin ƙasar Tambuwal, wadda ta shekara wajen huɗu tana shan maganin ƙarin jini. Kwalba na ƙarewa, sai a je kemis a sayo wata. Ran nan na je gida, ta ce mini: "Kawu, duk inda nit tafi, sai a ce ba ni da jini." Da muka kai ta aka yi mata cikakken awo, sai aka tarar ba ta da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kaɗan, hasali ma ya fara yi mata yawa. Abin da take da shi wani yanayi ne na gado da likitoci ke kira ƙaramar talasimiya. Tun daga ranar nake tunanin yadda kalmomi biyu, "ƙarancin jini", suka ɗora ta a kan hanyar da ba tata ba.

2.0 Suna Ɗaya, Dalilai Da Yawa

Bahaushe ya ɗauki jini tamkar ruwa a randa: in ya ragu, sai a ƙara. Amma abin da likita ke nufi da ƙarancin jini shi ne raguwar wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ne kuma ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya rarraba wa gaɓoɓi. Ƙarancin jini alama ce kurum, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Dalilansa kuwa suna da yawa: rashin isasshen ƙarfe a abinci, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya wadda masu aikin fadama suka sani, yawan haihuwa kusa da kusa, da kuma cututtukan gado irin su amosanin jini, watau sikila, da talasimiya.

Wajibi ne in faɗi tun da wuri cewa rashin ƙarfe yana cikin manyan dalilan ƙarancin jini a ƙasarmu, musamman ga mata da ƙananan yara. Ba yaƙi nake yi da maganin ƙarfe ba. Abin da nake ja da shi shi ne shan sa ba tare da awo ba.

3.0 Mece ce Talasimiya?

A shekarar 1925 wani likitan yara a birnin Detroit na Amurka, Thomas Cooley, ya yi bayanin wani matsanancin ƙarancin jini da ya gani ga wasu yara. Da aka lura cewa cutar ta fi yawa ga mutanen da asalinsu ƙasashen Bahar Rum ne, kamar Italiya da Girka, sai a 1932 aka laƙaba mata suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar teku. Daga baya aka gane cewa ta bazu har Gabas ta Tsakiya, da Indiya, da kudu maso gabashin Asiya, da Afirka. Masana sun lura cewa ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, domin masu ɗauke da ita suna samun wata 'yar kariya daga tsananinsa, kamar yadda yake ga masu ɗauke da gadon sikila.

Himogulobin an gina shi ne da zare iri biyu, alfa da bita. Kowane mutum yana gadon ƙwayoyin gado huɗu masu kula da saƙar alfa, da biyu masu kula da saƙar bita, rabi daga uwa, rabi daga uba. A ciwon sikila, zaren ne ke fitowa da aibi. A talasimiya kuwa zaren lafiyarsa lau, sai dai ba ya isa masaƙi. Wanda ya gaji naƙasar bita daga iyaye duka biyu, shi ne mai babbar talasimiya, wanda rayuwarsa ta dogara ga ƙarin jini a kai a kai. Wanda ya gaje ta daga ɓangare ɗaya, shi ne mai ƙaramar talasimiya: yana noma, yana haihuwa, yana tsufa kamar kowa, illa dai jajayen ƙwayoyin jininsa ƙanana ne, awonsa kuma yakan ɗan yi ƙasa.

A Nijeriya nau'in bita bai yawaita ba. Na alfa shi ne ruwan dare. Binciken da Farfesa Adeyinka Falusi ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka buga a 1987 ya nuna haka, har ana iya cewa fiye da mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. Sa'ar da muka yi ita ce, irin wanda ke Afirka ta Yamma mai sauƙi ne, ba safai yake kaiwa ga mummunar cuta ba.

Ga inda gizo ke saƙar: rashin ƙarfe ma yana ƙanƙantar da jajayen ƙwayoyin jini. Saboda haka a ƙaramin awo, mai rashin ƙarfe da mai ƙaramar talasimiya kama ɗaya suke yi. Na farko maganin ƙarfe zai warkar da shi cikin 'yan watanni. Na biyu ko ya sha kwalba ɗari awonsa ba zai motsa ba, domin ba ƙarfe ya rasa ba.

4.0 Baƙon da Ba Ya Sallama

A harshenmu "ƙarfe" da "ƙarfi" wasali ɗaya ya raba su, don haka mutane ke zaton yawan wannan shi ne yawan wancan. Jiki bai san haka ba. Duk ƙarfen da ke jikin baligi bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, watau bai fi nauyin ƙaramar ƙusa ba. Abin da ke fita kullum kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, ta hanyar saɓar fata da ta hanji, sai kuma jinin al'ada ga mata. Jiki ba shi da wata ƙofa ta fitar da rara. Gishiri in ya yi yawa, ƙoda takan zubar da shi. Ƙarfe in ya shiga ya zauna.

Abin da jiki ke iya yi kawai shi ne tsare ƙofar shiga. Tsakanin 2000 da 2001 masana suka gano wani sinadari da hanta ke yi, hefsidin, wanda ke umurtar hanji ya rage tsotsar ƙarfe in an ƙoshi. A talasimiya mai tsanani, ɓargo yana ta kiran a kawo ƙarfe, sai wannan mai gadi ya yi sanyi, ƙarfe ya yi ta kwarara. Bugu da ƙari, kowace ledar jini da aka ƙara wa mutum tana ɗauke da ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250. Shi ya sa masu karɓar jini a kai a kai, har da wasu masu sikila, ake ba su magunguna na musamman masu kamo ƙarfe su fitar da shi.

Rarar ƙarfe tana taruwa a hanta, da zuciya, da gaɓar da ke daidaita sukari, tana cin su sannu a hankali kamar gara. Ƙarshenta ciwon hanta, ko ciwon sukari, ko gazawar zuciya. Afirka ta ga misalin wannan: a 1929 wani likita mai suna Strachan ya ba da rahoton tarin ƙarfe a gaɓoɓin baƙar fata a Johannesburg, cikin Afirka ta Kudu, daga baya aka danganta shi da giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe.

Ita ƙaramar talasimiya, a karan kanta, ba kasafai take tara ƙarfe har ya yi ɓarna ba. Haɗarin yana zuwa ne daga shekarun da aka ɗauka ana shan ƙwaya, ko ruwan magani, ko allura, wadda ba a bukata. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

5.0 Me Za a Ci?

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na nama, kamar hanta, da ƙoda, da tsire, da kilishi, jiki yana tsotsar sa da sauƙi. Na tsirrai, kamar gero, da dawa, da wake, da zogale, da alayyafo, kaɗan ne ke shiga, domin akwai sinadarai a hatsi masu riƙe shi. Bitamin C, wanda ke cikin lemo, da gwaiba, da mangwaro, da tumatir, yana ƙara shigar ƙarfen tsirrai. Shayi kuwa yana hana shi: an nuna tun 1975 cewa shan shayi tare da abinci yana rage tsotsar wannan ƙarfe da fiye da rabi. Madara da nono ma suna ragewa.

Bisa ga haka, ga abin da ya kamata mai ƙaramar talasimiya ya riƙe:

Na ɗaya, babu abincin da aka haramta masa. Tuwon dawa da miyar kuka, da fura da nono, da kifi da wake, duk nasa ne.

Na biyu, kada ya sha maganin ƙarin jini, ko bitamin mai haɗe da ƙarfe, sai an yi masa awon feritin, watau awon da ke nuna yawan ƙarfen da ke ajiye a jiki.

Na uku, in awo ya nuna ƙarfe ya yi yawa, sai ya rage hanta da jan nama, ya haɗa shayinsa da abinci, ya guji ƙwayoyin bitamin C masu yawa, ya nisanci barasa. Sai dai abinci yana rage shigar sabo ne kurum, ba ya fitar da tsoho. Wannan aikin likita ne.

Na huɗu, mai wannan yanayi shi ma yana iya rasa ƙarfe, musamman mace mai juna biyu. Kada ta ƙi zuwa awo, kada ta watsar da abin da aka ba ta. Ta dai gaya wa likita halin da take ciki, domin a auna bukatarta. Ƙwayar folik asid ba ƙarfe ba ce, kuma ɓargonta yana bukatar ta.

Na biyar, a ɓoye ƙwayoyin ƙarfe daga yara, domin ɗan ƙaramin yaro in ya haɗiye su da yawa suna iya halaka shi.

6.0 Zancen Aure

Akwai abin da ya fi abinci nauyi. Idan mai ƙaramar talasimiya ta bita ya auri mai irinta, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai babbar cutar. Idan kuwa ya auri mai AS, haɗarin ɗaya cikin huɗu ne na haihuwar yaro mai wani nau'in sikila. Awon da aka saba yi kafin aure yana iya rubuta masa AA, in ba a auna wani kashi na himogulobin da ake kira A2 ba. Tsibirin Ƙubrus ya fara tantance jama'arsa tun cikin shekarun 1970, har haihuwar masu babbar cutar ta ragu ƙwarai. Jihar Kano ta kafa dokar awo kafin aure a 2024. Irin wannan awo zai fi amfani in ma'aikata sun san cewa mai ƙananan ƙwayoyin jini, wanda ba ya rashin ƙarfe, yana bukatar a zurfafa masa bincike.

7.0 Kammalawa

Roƙona ga ma'aikatan lafiya na Tambuwal da Kebbe shi ne, duk wanda ya sha maganin ƙarfe wata uku awonsa bai ɗaga ba, kada a ƙara masa kwalba. A tura shi inda za a yi cikakken awo, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ku kuma ɗalibai, in kun koma gida kun ji an ce wance ba ta da jini, ku tambaya: me ya jawo? Matambayi ba ya ɓata. Ita dai 'yar ƙanwata ta daina sayen magani, tana cin abin da kowa ke ci a gidan, takardar awonta kuma tana ajiye a ƙasan akwati, domin ranar da 'ya'yanta za su isa aure.