Takardar Lissafi Ta Yi Zafi: Za a Sauko da Makin Ci Kuwa?

Duk zangon da aka rubuta lissafi mai zurfi, musamman aljabara da kalkulas na 'yan HND, wato MTH 311 da MTH 312, abu ɗaya ne ke faruwa a bakin zauren jarabawa. Wasu su fito shiru kamar ruwa ya ci su, wasu su tsaya gindin bishiya suna gwada amsa a tafin hannu, mutum biyar amsa biyar. Kafin magariba labari ya cika zaurukan WhatsApp: tun da kowa ya sha kashi, ai dole a sauko da makin ci. Wannan ya ce 35, wancan ya ce 30, kowa kuma wai daga majiya mai tushe ya jiyo.

'Yan uwa ɗalibai, gara mu faɗa wa juna gaskiya tun kafin a watse hutu. A foli makin ci ba ya sauka don takarda ta yi zafi.

Ba daga sama wannan tunani ya faɗo ba. Dukanmu ta hannun JAMB muka shigo, ita kuwa sai an gama jarabawa ake zaman tsayar da mafi ƙarancin makin shiga na shekarar. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, 100 ga foli. A 2025 na jami'a ya hau 150. A Ingila ma hukumomin jarabawar sakandare irin su AQA da Edexcel sai sun gama makin takardu suke yanke iyakar kowane mataki, idan tambayoyi sun yi tsauri iyakar ta sauko. Shi ya sa za ka ga yaran can a intanet suna ta hasashe har sakamako ya fito a watan Agusta. Nasu kamar farashin shinkafa ne a kasuwar Mafara, yana hawa yana sauka. Namu kuwa tiyar awo ce: ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, girmanta ɗaya.

Tiyar tamu hukumar NBTE da ke Kaduna ce ta yanka ta. Daga 75 zuwa sama A ne, mai daraja 4.00. Daga 70 AB, 3.50. Sai B daga 65, BC daga 60, C daga 55, CD daga 50, D daga 45, kowanne yana ƙasa da na samansa da 0.25, har a iso E, wato 40 zuwa 44, mai daraja 2.00. Ƙasa da 40 F ne, kuma darajarsa sifiri.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Matakan nan duk ƙananan tsani ne, ban da na ƙarshe, wanda rami ne. Mu ɗauka kwas ɗin mai nauyi 3 ne, jimillar nauyin zangon kuma 20. Wanda ya so C ya sami CD, abin da ya rasa a GPA ɗinsa bai kai 0.04 ba. Wanda ya sami 39 maimakon 40 kuwa ya rasa 0.30 cur, ga kuma kariyoba. Maki ɗaya tak. Don haka mai kukan A ta kuɓuce masa, don Allah ya rage murya, akwai wanda ke kusa da shi da ba ya iya cin tuwon dare.

Kuma kariyoba a aji na ƙarshe ba wasa ba ne. Ɗalibin da ya fito daga Gidan Goga, ko wani ƙauyen Maradun ko Bakura, ya san abin da ƙarin shekara ke ci: kuɗin rajista, hayar ɗaki, kuɗin mota a kan hanyar da ba kullum hankali ke kwance da ita ba, abokai sun tafi bautar ƙasa shi yana nan. Galibi buhun da aka noma a gida ne ake sayarwa a biya. Ga 'yan ND kuma akwai wani layin: ƙaramin kiredit yana farawa daga 2.50, babban kiredit daga 3.00, kuma ƙaramin kiredit ɗin nan da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki su ne hanyar da aka saba bi zuwa HND. Tara E da D ba zai kai mutum 2.50 ba, ko da bai faɗi ko ɗaya ba.

To me ya rage wa wanda ya riga ya miƙa takarda? Lissafi, amma mai sauƙi. Jarabawa ba ita kaɗai ba ce, ana haɗa ta da makin gwaji da aikin gida. Inda kason yake 40 da 60, mai 24 a gwaji 16 kawai yake nema daga cikin 60 ya tsallake, 26 kuma ya kai CD. Mai 12 sai ya kawo 28, kusan rabin takardar. Duba kundin ɗalibai ka tabbatar da kason sashenku, ka nemi makin gwajinka, ka yi wannan ɗan lissafin. Da yawa masu cewa sun mutu za su tarar da ransu.

Wani abin da masu gwada amsa ke mantawa: a lissafi ana ba da maki a kan hanyar da aka bi. Idan ka ɗauko dabarar daidai, ka ɓata a alamar ragi a layi na biyar, ba a kwashe maka duka. Wanda ya bar fili fari ne ba shi da abin da za a ba shi.

Sakamako yana bi ta kwamitin sashe kafin ya isa majalisar harkokin karatu, kuma sai ta amince yake zama sakamako. Idan kwas ya kayar da mutane fiye da kima, a can ake tattauna shi, ba a WhatsApp ba. Wanda ya ga makinsa ya saɓa wa abin da ya rubuta yana da damar rubuta koke a hukumance a sake duba takardarsa. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya gyara maka ta bayan gida, ka sani hukuncin wannan yana iya kaiwa ga kora. Idan kuma F ɗin ta tabbata, ka sake rajistar kwas ɗin a zangon da ake koyar da shi, ka shiga aji tun makon farko, domin makin gwajin ma sabo za ka tara.