Ana sayar da bashi, amma nawa ne kuɗinsa?

Yau zancenmu a kan bashi yake. Ko ka san ana sayar da bashi kamar yadda ake sayar da akuya a kasuwa?

Ga misali. Wani ɗan kasuwa a Waca ya ba manomi bashin jika 10, sai kaka ya biya. Damina ba ta yi kyau ba, gero bai yi ba. Ɗan kasuwa kuwa yana bukatar kuɗi yau. Sai ya je wurin wani mai hali, ya ce: "Ba ni jika 4, ka bi manomin jika 10." Don me jika 4 kaɗai? Don mai sayen zai daɗe yana jira, wataƙila ma ba za a biya shi ba.

Haka bankuna suke yi. Idan ana zaman lafiya, bashi yana da daraja. Idan matsin kuɗi ya zo, masu sayarwa su yi yawa, masu saye su yi kaɗan, sai farashi ya faɗi. Ka san yadda dabba take araha a shekarar fari.

Wannan ya faru da ƙasarmu. Bayan 1980 farashin uraniyum ya faɗi, ga kuma farin 1984. Mutane da kamfanoni da yawa suka kasa biyan bankin BDRN. A 1990 aka rufe shi, aka buɗe SONIBANK. Gwamnati ma bankunan ƙasashen waje suna bin ta dalar Amurka wajen miliyan 107. Da suka ga biya ya yi wuya, suka yarda su sayar. A 1991 Nijar ta saye bashin nan da kanta, da taimakon Bankin Duniya da Faransa da Suwizalan. A kan kowace dala 100, dala 18 ta biya.

To, ka riƙe abu uku. Na ɗaya, darajar bashi tana bin halin wanda ake bi, ba adadin da aka rubuta kaɗai ba. Na biyu, idan an sayar wa wani bashin da ke kanka, bai mutu ba: sabon mai shi zai bi ka duka. Na uku, duk sa'ad da ka biya, ka karɓi takardar shaida, ka karanta ta, ka adana. Amfanin karatunka ke nan.

Tambaya: idan an sayi bashin jika 20 a kan jika 5, nawa mai sayarwa ya rasa? Ku lissafa tare da malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.