Bayani A Kan Ɗaga Motar Daji Da Abin Da Ke Biyo Bayansa

 Wani falke maƙwabcina mai cin kasuwannin ƙauye ya kai motarsa aka ƙara mata tsayi don damina. Ba a yi wata biyu ba ta shiga makyarkyata, sa'an nan farfela ta tsinke masa a dawa da buhunan jama'a. Shi ya sa na zauna da makanikai na nemi asalin mas'alar, ga abin da na fahimta.

Ku sani, sifirin mai falle-falle tsohon abu ne, gama Obadiah Elliott na London ya yi rajistar irinsa don kekunan doki tun 1804. A kansa Land Rover ta fito a 1948, haka kuma Hilux da Land Cruiser ta ɗaukar kaya, waɗanda ke ratsa rairayin Agadas, suna da shi a ƙafafun baya.

Siffarsa kamar baka take. Kai ɗaya an ɗaure shi a jikin shasi, ɗayan yana rataye da wani ɗan ƙarfe mai lilo, domin in nauyi ya danne shi yakan miƙe ya ƙara tsawo, lilon nan ke ba shi wuri. Aksil, watau ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu, yana ɗaure a tsakiyarsa. Ashe sifirin aiki biyu yake yi: ɗaukar nauyi, da tsai da aksil a mazauninsa. Wanda ya taɓa na farko ya taɓa na biyu.

Hanyoyin ɗagawa uku ne. Ta farko, a sa sifirin mai zurfin lanƙwasa ko a ƙara falle. Ita ta fi aminci, sai dai mota takan ƙara tauri. Ta biyu, a tsawaita ƙarfen lilo. A nan akwai lissafi: in an ƙara inci 2, inci 1 kaɗai mota za ta tashi, kamar mutum biyu da suka ɗauko kaya a tsakiyar sanda, ɗaya ya ɗaga gefensa. Ta uku, a cusa dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, wannan kuwa sai inda sifirin ke bisa aksil. In a ƙarƙashi yake, runtsar da motar zai yi. Kada a kuskura a sa shi a ƙafafun gaba, inda sitiyari da ƙarfin birki suke.

To, ga abin da ke biyo baya. Farfela da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil tana da gaɓa a kowane kai, kuma ana so karkatar gaɓoɓin biyu ta yi daidai. In jiki ya tashi, ko aksil ya ɗan juya saboda dogon lilo, daidaiton ya ɓaci, sai makyarkyata, sai gaɓa ta cinye. Wannan shi ya sami maƙwabcina. Maganinsa ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari da ake sakawa tsakanin sifirin da aksil, ya mai da aksil yadda yake. Mota mai irin sifirin nan a gaba kuwa, in aksil ya juya sitiyari yakan daina komawa tsakiya da kansa, ta riƙa yawo a hanya. Kana a duba tiyon birki da shokozoba, kada su gajarta su tsinke sa'ad da ƙafa ta faɗa rami.

Sauran fa'ida biyu ga fatake. Ɗaga jiki ba ya nisanta tulun aksil daga ƙasa, babbar taya kaɗai ke yin haka. Kuma tsayi ba ya ƙara wa aksil ko birki ƙarfi, sai ma ya sa mota saurin kifewa a kwana, kamar raƙumin da aka yi wa labtu mai tsini.

Saboda haka wanda ya ga lalle sai ya ɗaga, ya tsaya a kaɗan, ya sa sababbin ƙarafan ɗauri, ya sake ɗaure notinsu bayan tafiyar farko, kuma kada ya wuce nauyin da masu ƙira suka rubuta. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke ɗauke da rayuka da dukiyar amana.