Maganin Cutar Tsiron Shinkafa Yana Cikin Irin

 A cikin shirinmu na kimiyya na yau za mu kai ku birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, wanda Turawa suka fi sani da sunan Kanton, domin mu duba wata cuta mai kashe shinkafa tun tana tsiro.

Manoman wannan lardi sau biyu suke shuka shinkafa a shekara. Ta fari akan yafa irinta a fangali wajen watan Fabrairu ko Maris, sa'ad da sanyi bai gama janyewa ba. To, a nan ne masifar take. Akwai wasu irin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, masana suna kiransu Fusariyam da Fitiyam da Rizoktoniya. In sanyi da danshi suka raunana tsiro, sai su kama saiwarsa da gindinsa su ruɓar. Ganye ya yi rawaya, ya nannaɗe, tsiro ya kwanta. Manomi kuwa in ya rasa abin dashe, ya rasa kaka tun bai shiga gona ba.

Ana wanke iri da magani, ana kuma zuba wa ƙasa, amma kuɗi ne kowace shekara, fumfunar kuwa takan daɗe a ƙasa tana jira. Saboda haka masana suka koma ga wata tambaya: me ya sa a fangali ɗaya wani iri ke mutuwa, wani kuwa ya tsaya?

Amsar tana cikin ƙwayoyin gado, watau ƴan umarnin da kowane tsiro ke gada daga iyayensa. Shinkafa tana da fiye da 30,000, a jere bisa zare 12, an kuwa gama karanta su a shekarar 2005. Ga yadda ake neman masu amfani a cikinsu. Akan tara ire-iren shinkafa ɗaruruwa, a shuka su cikin ƙasar da aka sa wa cutar da gangan, sa'an nan a ƙidaya waɗanda suka rayu. Daga nan sai a gwada gadon masu rai da na matattu, wuri bayan wuri. Inda duk aka ga masu rai sun yi tarayya a kan wani abu da matattu ba su da shi, nan ake sa ido. Domin a tabbata, akan kashe wannan ƙwayar gado guda, a ga ko tsiron zai rasa ƙarfinsa.

Aikin yana da wuya, domin irin wannan juriya ba safai takan rataya ga ƙwaya ɗaya ba. Da yawa ne, kowace da ɗan taimakonta, sai an haɗa su kamar tsintsiya kafin su yi shara. Amma in an gane su, ɗan guntun ganye ya isa a san tsiron da ya gaje su.

Guangzhou kuwa ta daɗe a kan wannan hanya. A shekarar 1926 wani shehun malami, Ding Ying, ya sami shinkafar daji a wata fadama kusa da birnin, ya haɗa ta da ta gida, har a 1933 ya fitar da wani iri mai jure wahala, Zhongshan na 1. Har wa yau akwai gandu a birnin inda ake renon shinkafar daji domin masu bincike.

Wannan kuwa ya shafe mu. A fadamun Sakkwato da Kabi akwai tsohuwar shinkafar Afirka wadda kakanninmu suka noma, akwai kuma ta daji. Irin da aka raina yau saboda ƙarancin amfani, mai yiwuwa ne a cikinsa maganin gobe yake. Iri kuwa in ya ɓace, ba masanin da zai iya komo da shi.

Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.